Eriyar da Na Ɗaura wa Baba

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ba a wajen Baba na gado ba. Shi Baba shekara ashirin da 'yan kai ya yi a tsaye gaban injin saƙa a wata masaƙa a Bompai, ban taɓa jin an ce ya yi sa'insa da kowa ba. Ranar da aka rage ma'aikata, a shekarun nan na tamanin da kamfanoni suka fara kukan rashin kayan aiki, da hantsi ya dawo gida. Ya jingine kekensa a zaure, ya ce wa Inna ta ba shi ruwa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni ne na yi ta zagin masu kamfanin har Inna ta ce in rufe mata baki, ba ni aka kora ba.

A Sharaɗa muke zaune a lokacin, a wani gidan haya mai ɗaki uku. Bayan gidan akwai wani ƙaton sito na kwano da ya ninka gidanmu tsayi sau uku, ga kuma injin wutar kamfanin da ke maƙwabtaka da mu yana ruri safe da yamma. Ina da shekara ashirin da uku, ina aikin gyaran wuta a wani kamfanin robobi, kuma wallahi ina ji da kaina. Duk abin da ke da waya a jikinsa gani nake ba zai gagare ni ba.

Ni na sayo rediyon gidan, mai batir huɗu, wanda ke kama FM. Tashar FM sabon abu ce a garin, kowa yana ta yabon yadda murya ke fita tas. A gidanmu kuwa ina! Sito ya tare mu, injin maƙwabta ya cika mu, sai ka ji magana ta zo ta tafi, shuuu ya biyo baya. Baba bai damu ba. Bayan sallamarsa yawanci a ɗaki yake wuni, yana jan carbi, ko ya zauna yana kallon bango.

Wata Asabar wani tsohon abokinsa ɗan ƙauyenmu ya zo a keke daga Challawa, inda yake gadi a wata masana'antar jima. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce jiya bayan la'asar ya ji Baffa a rediyo.

Baffa shi ne yayan Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne a ƙauyenmu can ƙasar Ringim, amma yana goga kukuma a kasuwa da wajen biki, kuma an ce yana da murya. Shekaru da yawa kafin nan wasu ma'aikatan gidan rediyo sun je kasuwar ƙauyen da na'ura sun ɗauki kiɗansa, aka yi ta labari, daga baya aka manta. Ya rasu shekara shida kafin wannan ranar. Saƙon rasuwar kwana uku ya yi a hanya, wani direban babbar mota ya kawo shi bakin ƙofar masaƙa, Baba yana ciki yana aiki. Ko da ya isa ƙauye an gama sadakar uku. Ba shi da hoton Baffa ko ɗaya.

Mai gadin ya ce sabuwar tashar tana da wani shiri duk Juma'a bayan la'asar, na kiɗe-kiɗen karkara na da, kuma kaset ɗinsu kaɗan ne, juya su suke yi. Ya ce waƙar za ta sake zagayowa. Sannan ya dafa gwiwar Baba ya ce, "Har kai ya ambata a ciki."

Baba ya zuba wa bakinsa ido. "Ni? Me ya ce?"

"Ban kama duka ba, motar fata ta shigo ina buɗe ƙofa. Amma na ji ya ce ƙanena na Kano."

Bayan baƙon ya tafi Baba ya kira ni ɗaki. Tunda nake bai taɓa roƙona komai ba. Ya ce, "Kai da ka san kan waya, ba yadda za a yi abin nan ya yi magana sosai?" Na ce, "Baba, ku bar min wannan. Sati ɗaya ya yi yawa." Haka na faɗa, da cika baki.

Akwai wani mai gyaran rediyo a Na'ibawa, dattijo mai gilashi, wanda muke kira Oga. Shi ya zana mini abin a bayan kwalin batir. Ya ce eriyar jikin rediyo ba za ta iya da sito ba, sai an kai wata sama, kuma mai fuska ɗaya, wadda ke saurarar gabanta ta juya wa bayanta ƙeya. Dogon ƙarfe ɗaya a kwance, a gicciya masa sanduna. Ta baya ta fi tsawo, ta tsakiya wajen kamu uku, ita ake raba biyu a ɗaura wa waya, na gaba kuma kowace ta gaza wadda ke bayanta kaɗan. In an gama sai ta yi kama da ƙashin kifi. Ya ce ɓangaren gajerun sandunan shi ne fuskarta, shi za a nuna wa inda tashar take. Ya ƙara da cewa aikin mutum biyu ne: ɗaya a sama yana juyawa, ɗaya a ƙasa yana saurare yana faɗa. Ya ce, "Ka tabbata na ƙasan mai kunne ne." Na yi dariya, na ɗauka wasa yake.

Guntayen alminiyam na samo a wajen masu haɗa tagogi, na sa aka yi mini walda a bututun ruwa mai tsawo, na sayi waya mai faɗi. Kwana huɗu ina yanka ina gogewa a tsakar gida bayan na taso aiki. Inna ta ce na cika mata gida da tarkace, in kaji suka haɗiyi noti ni zan biya su da bakina. Baba kuwa kan fito ya zauna a kan turmi yana kallona. Wani lokaci in ina aune sai ya riƙe mini bakin sandar ba tare da na ce ba.

A unguwarmu namiji ba ya hawa saman ɗaki haka kawai. Sai an bi gidajen maƙwabta an sanar, don matan da ke tsakar gida su kimtsa ko su shige ɗaki. Inna ce ta leƙa ta katanga ta faɗa wa na dama da na hagu cewa za a hau sama. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na jingina tsani na hau. Bazara ce, kwanon ya ɗau zafi har ta cikin takalmi ina jin sa. Na kafa bututun a jikin bango na ɗaure shi da waya sako-sako yadda zai juyu, eriyar ta ɗan haura kan siton. Na zura wayar ta taga.

Daga can sama ba na jin rediyon, rurin injin maƙwabta ya rufe komai. Don haka muka yi tsari. Baba a ɗaki kusa da rediyo, Inna a bakin ƙofa tana miƙo mini abin da ya ce. Na fara juyawa a hankali, daga wajen Kumbotso ina nufar cikin gari.

Ban yi nisa ba Inna ta ɗaga hannu. "Tsaya! Ya yi! Kai, ya yi tas!"

Na ji wani daɗi har na kusa sakin bututun. Sai ta leƙa ɗaki, ta daɗe, ta fito fuskarta ta canza. "Malam ya ce da saura. Wai akwai shuuu."

Na juya kaɗan. Da saura. Na koma baya. Da saura. Har shirin ya ƙare muna haka, kuma ba a sa waƙar Baffa ba a ranar. Da na sauko na kunna rediyon da kaina, na ji mai labarai kamar yana zaune a kan tabarmarmu. Na ce, "Baba, ai ga shi nan ya fita." Ya dube ni ya ce, "Yanzu da kake magana ya yi dama-dama. Amma ƙasa-ƙasa akwai shi." Na ɗauka tsabar son abin ya fita da kyau ne ya sa yake tsananta wa.

Ya kamata a ce na gane tun ranar. Alamun duk suna nan a gabana. In aka yi sallama a zaure Baba yana ba da baya, ba ya amsawa, Inna ta ce tunani ne ya yi masa yawa tunda aka sallame shi. In kana masa magana kuwa bakinka yake kallo, ba idonka ba, mu kuma tun muna yara muka ɗauka haka natsuwarsa take. A masaƙa, inda injuna ɗari suke bugawa lokaci guda, ba mai jin wani. Auduga suke cusawa a kunne, su yi hira da hannu da laɓɓa, suna buɗe baki sosai. Mutum zai ba abokinsa labarin suna daga wannan layi zuwa wancan ba tare da sauti ya fita ba. Baba ya ƙware a wannan har ya shigo da shi gida, ba wanda ya lura, har da shi kansa. Rediyo kuwa ba shi da laɓɓan da za a kalla. Duk wannan daga baya na haɗa shi. A lokacin ni dai na san an ce aikina bai yi ba.

Na koma wajen Oga. Ya ce in canza waya, mai faɗin tana kwasar ƙarar inji, in sa mai sulke, wadda aka lulluɓe cikinta da ragar ƙarfe. Na canza. Juma'a ta biyu, da saura. Na ƙara sanduna biyu a gaba, na ƙara wa bututun tsawo, har maƙwabta suka fara tsokanata wai ko jirgin sama nake son kamawa. Juma'a ta uku, da saura. Kowane sati sai Inna ta bi katanga ta ba mata haƙuri, matan ma sun gaji, wata ta ce wannan ɗa naki ko ya koma saman ne da zama. Tafin hannuna ya yi bororo. Raina kuma ya fara ɓaci, ina haɗiyewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Kullum sai ta fara cewa ya yi, sannan ta leƙa ɗaki ta fito ta ce Malam ya ce bai yi ba. Na taɓa ce mata, "Inna, ke da kunnenki, me kike ji?" Ta ce, "Ni tas nake ji. Amma shi ya san muryar ɗan'uwansa, kuma shi ne mai gida." A gidanmu in Baba ya ce abu bai yi ba, to bai yi ba, kuma ban taɓa ganin ya faɗa don son zuciya ba.

Juma'a ta huɗu. Tun kafin a fara shirin Baba ya ce in hau in gwada ɓangaren hagu. Na hau ina ƙunƙuni. Na tsayar da eriyar inda na san daidai ne, na tsuguna a kan kwano ina jira. An ɗan jima sai na ga Inna ta fito da gudu, ɗankwalinta a hannu, abin da ban taɓa gani ba.

"Ga ta nan! Ga waƙar! Kada ka taɓa komai!"

Na saki bututun na ɗaga hannuwana sama don ta gani. Har wani siririn kukan kukuma na jiyo ta tagar, yana ratso rurin injin.

Sai ga Baba da kansa a bakin ƙofa. Ya ɗaga kai ya daka mini tsawa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. "Juya! Kai, juya mana! Tana wucewa!"

Inna tana cewa a'a, Malam, a'a. Ni kuma na dubi Inna, na dubi Baba. Ubana ne ya ce in juya. Na kama bututun na murɗa da ƙarfi, da haushi, na wuce inda ya kamata, na sake murɗawa. Wayar ta nannaɗe a jikin bututun, na ji ta ce ɗas, ta tsinke daga jikin sandar. Na fizgo ta, na feƙe bakin da haƙori, na ɗaura. Kafin in gama, Inna ta sauke hannunta ta koma ɗaki a hankali. Na san an gama.

Na sauko tsanin nan ban san yadda aka yi ƙafata ta taɓa ƙasa ba. Na shiga ɗakin. Baba yana zaune ya ba ƙofa baya, ya ɗora rediyon a kafaɗa ya manna kunnensa a jikin lasifikar. Na tsaya a bayansa na faɗi abin da ba a faɗa wa uba. Na ce wata guda ina gasuwa a kan kwano, ba sannu ba madalla, sai juya, juya. Na ce waƙar ta zo lafiya lau ku kuka ɓata ta da kanku. Na ce in aikina bai yi muku ba, ga tsani nan, ku hau.

Inna ta ce, "Kai!" Ta rufe bakinta da hannu.

Baba bai motsa ba. Na ɗauka fushi ne. Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Gaya masa ya ƙara kaɗan. Ga shi nan har yanzu, shuuu."

Sai a lokacin na lura ɗakin tsit yake. Inna ta riga ta kashe rediyon tun da waƙar ta ƙare.

Na ce, "Baba, a kashe yake." Bai amsa ba. Inna ta zagaya gabansa ta durƙusa, ta taɓa gwiwarsa. Ya ɗago ya kalli bakinta. Ta ce, "Malam, na kashe shi tun ɗazu." Ya sauke rediyon ya duba makunnin. Ya kunna, muryar mai gabatarwa ta cika ɗakin tas. Ya kashe. Ya sake kunnawa, ya sake kashewa. Ya daɗe yana kallonsa a kan cinyarsa. Sannan ya sa yatsa ya toshe kunnensa na dama, ya cire, ya toshe na hagu. Ya ce, "Ashe a nan yake."

Ya juyo ya gan ni a tsaye, zufa ta jiƙa mini riga. Ya ce, "Ka sauko? Sannu. Na wahalar da kai." Bai ji ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa ba. Na fita zaure na zauna kusa da kekensa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Na kai shi asibiti a sati mai zuwa. Likitan ya tambayi aikinsa, da aka ce masaƙa sai ya gyaɗa kai kawai. Ya ce ba datti ba ne, ba kuma abin da magani zai wanke ba ne, ƙarar injin ce ta cinye jijiyar a hankali, kuma sirarun sautuka su ke fara tafiya. Na tuna kukuma, ba abin da ya kai ta sirantar murya. A hanyar dawowa Baba ya ce kada in gaya wa mai gadin Challawa. Ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba.

Na ce zan sauke eriyar. Ya ce in bar ta, in ɗaure ta inda Inna ta ce ya yi. Na hau sau ɗaya na ƙarshe, na tsayar da ita inda ta tsaya tun ranar farko, na ɗaure ta tamau.

Daga nan duk Juma'a bayan la'asar Inna ce ke kunna rediyon. Takan ajiye tankaɗe ko tsintar shinkafa ta zauna a gabansa, fuska da fuska. Bazara ta wuce, damina ta sauka, waƙar ba ta zo ba. Na fara zaton kaset ɗin ya lalace ko sun daina sa shi, kuma duk satin da ya wuce sai in ji kamar ni na tsinke shi da hannuna.

Wata Juma'a ana yayyafi, ina zaure ina goge takalmi, na ji kukumar. Na shigo da sauri. Inna ta riga ta matsa kusa da shi. Ita da ba ta taɓa ko da rera waƙar daka a gabanmu ba saboda kunya, sai ga ta tana bin Baffa baiti-baiti, tana faɗin kalmomin a bayansa, tana buɗe baki sosai irin na mutanen masaƙa. Ban san yaushe ta koya ba. Baba ya sunkuyo, idonsa a kan laɓɓanta, ko ƙiftawa ba ya yi.

Muryar Baffa ashe siririya ce, mai ɗan kaushi, ba yadda na zata ba. Ya yabi wani manomi, ya yabi masu kasuwa, ya tsokani wani mahauci. Can wajen ƙarshe ya zo kan Baba. Ya ce ƙanensa na Kano yana saƙa wa duk duniya yadi, shi kuwa ga rigarsa duk faci. Mutanen kasuwar suka yi dariya, ana jin su a kaset ɗin. Sannan ya ce ba komai, in kaka ta yi ya zo gida, damin geronsa yana nan a rumbu ba wanda zai taɓa.

Baba ya yi dariya a wajen rigar. Da Inna ta kai wajen damin sai muryarta ta ƙi fita, amma ba ta tsaya ba, ta ci gaba da motsa bakin har ƙarshe. Hawaye na bin gemun Baba bai share ba.

Da aka gama ya ce mata, "Muryar fa? Tana nan yadda take?"

Ta ce, "Tana nan, Malam."

Ya juyo wajena. Na matso na tsuguna inda zai ga bakina. Ya ce, "Kukumar ta fita?"

Na ce, "Tas, Baba. Ba shuuu ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai. "To, eriyarka ta yi."

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Sau da yawa na tsuguna a gabansa da niyyar in maimaita masa abin da na faɗa a bayansa ranar nan, don in nemi gafara, sai in ga ya zuba wa bakina ido yana jira, in kasa. Inna ta ce in bar shi, abin da bai ji ba kada in sa ya gani. Har aka ɗauke shi daga ɗakin nan ban faɗa ba.